Na'Allah Ya Ɗaga wa Jirgi Hannu

Na'Allah ya bar Ƙonni a kan babbar mota shaƙe da albasar Galmi, ya dawo a kujerar baya ta bas, matse tsakanin wata mai goyo da buhun garin rogo. Abin da ya rage masa na motar mabuɗi ne kawai a aljihu. Shi ma bai san ko zai kwana da shi ba, domin motar ta Goggo Bara'atu ce, ƙanwar marigayi mahaifinsa, kuma Goggo ba ta iya fushi rabi-rabi ba.

Kada a zalunce shi, direba ne na gaske. Gemunsa a hanyar Tawa da Agadas ya yi furfura, ko akuya bai taɓa takewa ba. Direbobin wannan hanya kuwa suna da ladabinsu. In motoci biyu suka nufo ƙaramar gada ko mararraba, wanda ya riga fitar da hannu ta taga ya kyafta fitila shi ke wucewa, ɗayan ya taka birki, a gaisa da hon, kowa ya kama gabansa. Hannun Na'Allah ba a taɓa ƙin amsa shi ba. 'Yan kabu-kabu, masu amalanke, har manyan motocin simintin Malbaza, duk sun san wannan hannu, shi ma kuma yana ji da shi.

Hanyar Kwatano, can gabar teku, ta Chindo ce, ɗayan direban Goggo. To, zazzaɓi ya kwantar da Chindo, albasa kuma ba ta jiran mai jinya, sai aka ce Na'Allah ya kai. Layin dogo dai ya sha ganinsa wajen Doso, awaki kwance a kai suna tuƙa, amma bai taɓa ganin abin da ke bi ta kansa ba.

Da hantsi, bayan ya wuce Paraku, ya iso inda dogo ya ratsa kwalta. Ya duba, ga jirgi can nesa yana tafe a hankali kamar an sa shi dole. Na'Allah ya yi abin da duk ɗan halak zai yi: ya fitar da hannu, ya kyafta fitila, ya hau. Kan motar ya tsallake, cikinta ya tsallake, gindinta ne bai samu ba. Jirgin ya kwashi gindin ya juya motar ta koma kallon inda ta fito, albasa ta watse har cikin gonakin mutane. Ko ƙwarzane bai samu Na'Allah ba.

Da ya sauka daga bas bai nufi gidan Goggo ba, ya fara ratsewa tasha wajen Mumuni mai shayi, inda direbobi ke zama. Labari ya riga shi isowa, aka matsa masa a benci.

"Tsaya," in ji Mumuni. "Ka ɗaga mai hannu?"

"Har hitila na yi mai."

"Kuma bai tsaya ba?"

"Ko rage gudu bai yi ba."

Aka yi salati. Wani ya ce wanga rashin tarbiyya ne. Wani ya ce mutanen gabar teku haka suke, ba su san babba ba. Kafin shayi ya huce Na'Allah ya zama wanda aka ci wa mutunci a ƙasar mutane, ya tashi da ƙarfin gwiwa. Ai ko Goggo ce dole ta ga gaskiyarsa, in an gyara mota a bar masa abarsa.

Ya same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya kwashe labari tsaf kamar yadda ya ba da shi a tasha, har ya ƙara gishiri kaɗan. Abin da ya manta shi ne, Goggo ta yi fataucin goro da ƙuruciyarta, ta hau jirgin Ƙauran Namoda zuwa Ikko har ta gaji.

"Shi mai jirgin," ta ce, "da yas sauko, mi yac ce maka?"

Nan ne wurin da Na'Allah ya tsallake a tasha. Jirgin sai can da nisa ya tsaya. Daga can mai jirgin, wani dattijo, ya taho a guje bisa tsakuwa, takalmi ɗaya a ƙafa, ya cafke Na'Allah yana lalube masa kai da kafaɗu, yana ta magana da yaren da ba ya ji. Da ya ga komai na nan, sai ya zauna daɓas cikin albasa yana kuka.

"Kuka yay yi, Goggo."

"Kukan mi?"

"Albasa ce. Ta hwashe ko'ina."

Goggo ta ajiye faifan. Dariya ta so ƙwace mata, ta danne ta.

"Kai, Na'Allah, Allah shi shirye ka. Ya ga hannunka. Tun daga nesa yag gane shi, yaj ja birki iya ƙarhinai. Jirgi in ya kama birki nan ƙohwar gida, sai ya wuce kasuwa bai tsaya ba. Bawan Allah yana tsaye yana kallonka kana yi mai gaisuwa, ya san shi zai kashe ka, kuma babu abin da ya iya."

Na'Allah ya buɗe baki zai ce ai da ya kauce, sai ya tuna abin ba shi da sitiyari. Ya rufe.

"Ba ni mabuɗi."

"Goggo, sau ɗaya ne hwa."

"Ba ni."

Ya ciro ya miƙa da hannu biyu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin ya san gobe duk tasha za ta ji Chindo ne zai ɗauko motar daga gareji. Goggo ta ɗaure mabuɗin a gefen mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori. Sai da ta ɗago ya ga idonta ya cika.

"Mota ga ta can Paraku ana gyaranta," ta ce. "Da kai anka kawo min cikin buhu, wane makaniki za ni kai ma gyara? Mi za ni ce ma yayana in na iske shi?"

Ta kira a kawo masa tuwo. Na'Allah ya yunƙura zai je wanke hannu, sai ya koma ya zauna a ƙasa. Tun daga Paraku tsoron yake biye da shi, sai yanzu ya cim masa.