Ceɗiyar da Na Ƙi Zanawa

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Ni mai zane ce, fenti da buroshi ne sana'ata. Sai na gan ni a wani gari inda benaye ke tsirowa daga ƙasa kamar dawa. Da safe a yayyafa musu ruwan siminti, kafin azahar sun ƙara hawa biyu. Duk gilashi ne, sai ƙyalli. Tsuntsaye a ƙafa suke yawo, don in sun tashi babu wurin sauka. Na wuce wata kurciya tana jiran a-daidaita-sahu a bakin titi, muka gaisa.

Bishiya ɗaya ta rage a garin kaf, ceɗiyar ƙofar gidanmu, wadda Inna ke yi mana kitso a gindinta. Dama Alhaji Na'iya mai gina shaguna a gefenmu ya daɗe yana hararar ta. Yadda aka yi ta biyo ni can kuwa, oho.

Sai ga wani ƙadangare da hular kwano, yana gyaɗa kai. Ya ce shi ne Injiniya.

"Malama Tabawa, ke muke jira. Zana mana ita a jikin wancan bangon."

"Don me?"

"Don mu sare ta mana. A nan ba a kawar da abu sai an gama hotonsa. In kuma an gama, dole a kawar. Mu ba azzalumai ba ne, adanawa muke yi."

Ya nuna mini bangayen garin. Kai! Ashe dajin duk yana nan a fente: ɗorawa, kanya, tsamiya, har da rafi. Mutane sun shimfiɗa tabarmi a gindin hotunan, rana tana dukan su tsakar ka, gumi yana zuba, suna cewa, "Wash, inuwa mai daɗi." Wani tsoho ya ɓanɓaro fenti daga reshen kanya, ya tauna, ya ce ba ta nuna ba.

Na ce, "Ba zan zana ba."

"Ai kin fara."

Na duba. Wallahi hannuna na dama ya tafi aiki ba da sanina ba, ya gama kututture, har ya hau rassa. Duk reshen da ya zana, sai na gasken ya dushe, rana ta ratsa ta cikinsa. Na daka masa tsawa, ya yi kunnen uwar shegu. Na cafko shi da hagu na zauna a kai.

Sai ga mu a ɗakin taro. Benayen ne da kansu zaune a kujeru, sun harɗe ƙafa. Babbansu, wani dogo mai shuɗin gilashi, ya yi gyaran murya.

"Yarinya, saiwar ceɗiyar nan tana taɓa mini tafin ƙafa. Ƙaiƙayi nake ji."

"To ka matsa mana, ranka ya daɗe. Ita ka tarar."

"Za mu rubuta sunanki a ƙasan hoton da ruwan zinari. Duk mai wucewa ya ce wannan ta iya."

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan motsa. Wace mai zane ce ba ta son a ce ta iya?

Sai ga ni a gindin ceɗiyar. Rabinta ya zama hayaƙi. Ta yi magana da muryar mai mura.

"Tabawa, kin fito da ni da kyau, ba laifi. Amma ɗazu wata balbela ta gwada sauka a kan hoton, ta fasa baki."

Haushi ya turnuƙe ni. Na juya wajen Injiniya.

"Ka ce duk abin da aka gama hotonsa, kawar da shi ake yi?"

"Doka ce."

Na saki hannuna, na juya shi ya fuskanci dogon benen. Me ke cikin zanen bene? Layi a tsaye, layi a kwance, sai shuɗi. Kafin ka ce kwabo na kai hawa na tsakiya. Benen ya fara dushewa, leburorin da ke jiran saran ceɗiyar suka ajiye gatura suka ɗauki guduma.

Benen ya kurma ihu, "Ke! Ni ba itace ba ne!"

"Adana ka nake yi, ranka ya daɗe. Tsaya cak, kada ka fito a karkace."

Ashe Injiniya ya zagaya ɗaya bangon, ya tsoma jelarsa cikin koren fenti, yana ƙarasa ganyen ceɗiyar da kansa. Shi yana ɗiga ganye, ni ina zuba tagogi. Saura masa reshe ɗaya, saura mini rufi. Na ɗaga buroshi.

Sai na ji ruuuu, garam!

Na buɗe ido. Gari ya waye, tifa ce ke juye yashi a filin Alhaji Na'iya. Na leƙa ta taga, ga mutum biyu tsaye a gindin ceɗiyarmu, ɗaya yana gwada kaifin gatari da ɗan yatsa.

Ko fuska ban wanke ba. Na yafa mayafi, na ɗauki tabarma, na je na shimfiɗa, na jingina da kututturen.

Mai gatarin ya ce, "Hajiya, a ɗan matsa mana."

Na miƙe ƙafafuna na ce, "Ku fara ta nan."