Benci a Rami na Sha Huɗu

Shekara ashirin da biyu muna zuwa wannan masauki na bayan gari, ni da mijina Injiniya, kuma ban taɓa taka filin golf ɗin da ke bayansa ba. Ba wanda ya hana ni. Ni ce dai ban ga abin da zai sa mace da hankalinta ta bi dattijo yana korar ƙwallon da bai kai ƙwan kaza ba tun safe har la'asar.

Tsarinmu bai taɓa canzawa ba. Shi ya ja jakar sandunansa ya bi ta ƙofar baya, ni in bi ta gaba in shiga motar 'yan yawon buɗe ido. A kai mu tsohuwar masaƙa, a kai mu lambun tsuntsaye, a ƙare a tafki, inda jirgin ruwa ke zagayawa da mutane. Na ƙarshe ƙarfe huɗu yake tashi. Kujerun jirgin bibbiyu ne, kowace mace da mijinta, ni kuwa da jakar hannuna. Duk hotunana na wurin mijin wata ne ya ɗauke ni. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ba wani abu nake nema ba, so nake sau ɗaya in juya in ce masa dubi wancan, in same shi a gefena.

Bana likita ya ce idanunsa suna tafiya. Tsakiyar ganin ya riga ya dushe, saura gefe-gefe, shi ma ba zai daɗe ba. Ga abokin wasansa Dogo, wanda ke duba masa inda ƙwallo ya faɗa, ya rasu bara. Da muna karyawa sai na ga yana ta juya cokali a kofin da babu komai a ciki.

"Malama," ya ce, don har yau da sunan aikina yake kirana, "ki taimaka ki zo ki duba mini ƙwallo yau."

"Ni? A filin naku na masu shiru?"

"Ke fa."

"To da sharaɗi. Ƙarfe huɗu muna cikin jirgi, ni da kai. Ina so ka ga tafkin nan tun kana iya ganinsa."

Ya ce ya yarda.

Gaskiya filin ya ba ni kunya, don ban zaci haka yake ba. Manyan itatuwa ne jere hagu da dama, wasu mutum uku ba za su rungume su ba. An aske ciyawa layi-layi, wani mai haske wani mai duhu. Ga ramukan yashi an share su tas, ga kududdufi da agwagi suna harkarsu. Kowane ramin da ake saka ƙwallo da 'yar tutarsa, kuma ramukan goma sha takwas ne. Da na ji adadin sai na duba agogo.

Dokoki kuwa sun fi na ɗakin jarrabawa. Kada ki yi magana in zan buga. Kada ki tsaya nan. Kada inuwarki ta faɗa kan ƙwallo. Ni da na yi shekara talatin ina sa yara shiru, yau ni ake cewa in yi shiru.

Ya ɗora ƙwallon a kan ɗan tsinke, ya gyara tsayuwa, ya buga. Na ji ƙas.

"Ina ya yi?"

"Sama."

"Na san sama ya yi, Malama. Ina ya sauka?"

"Ai ba ka ce in jira saukarsa ba."

Minti goma muka yi muna tona ganye. Daga nan ya koya mini: in bi ƙwallon da ido har ƙasa, in kama wata bishiya ko wani dutse a kusa in riƙe a raina. Na fara iyawa, amma tafiyar ba ta sauri. Duk waɗanda suka taho bayanmu sai ya ɗaga musu hannu su wuce, wai haka ladabin wasan yake. Mutum huɗu suka wuce, wasu huɗu suka wuce, har da wasu tsofaffi biyu da suka girme mu.

A rami na goma ƙwallon ya faɗa kududdufi, da idona na ga ruwan ya fantsama. Na duba agogo, biyu ta wuce. Sai na zaro wani daga aljihun jaka, na yi gaba na sake shi a kan ciyawa mai kyau.

"Ga shi nan! Kai, ka iya bugu."

Ya sunkuya ya shafa shi da babban yatsa. "Wannan sabo ne. Nawa yana da tabo a gefe." Ya ciro katin da yake rubuta yawan bugunsa ya kawo shi dab da hanci, ya ci kansa tarar bugu ɗaya. "Malama guda da satar amsa."

Na ja keken jakar na yi gaba, raina a ɓace, rabi da shi rabi da kaina.

Uku da rabi ta same mu muna hawan tudun rami na sha huɗu. Gwiwoyina suna kuka, saura ramuka biyar, kuma na riga na san an sake yi mini irin ta kullum. Ina shirya maganar da zan faɗa masa, mai zafi, wadda na daɗe ina tanadi. Muna kaiwa sama sai na manta da maganar.

Tafkin ne a ƙasa, gaba ɗayansa, shimfiɗe a bayan itatuwa. Ga gadar katako, ga rumfar masu jira, ga jirgin a ɗaure, ƙarami kamar takalmi. A bakin tudun akwai wani tsohon benci. Injiniya ya lalubi bayansa ya zauna kamar mai shiga ɗakinsa.

"Nan nake zama," ya ce. "Dogo ya yi ta mita, wai ina tsinka masa wasa. Sai jirgin ya zagayo ya wuce nake tashi. A baya kike zama, ɓangaren hagu, kusa da igiya. Kina ɗora jaka a kujerar gefenki."

Haka ne. Nan nake zama.

"Kowace shekara?"

"Ban da shekarar da aka yi ruwa, ba ki fito ba."

"Kuma ba ka taɓa faɗa mini ba? To me ya hana ka saukowa, bawan Allah?"

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Na jira wata hujja irin tasa ta injiniyoyi, mai lamba ɗaya da lamba biyu. Ba ta zo ba.

"Yanzu ko tafkin ba na gani," ya ce. "Fari kawai nake gani." Ya miƙe, ya jingina sandar a jikin benci. "Akwai 'yar hanya ta bayan shinge. Dogo ya ce minti goma sha biyar ce."

"Jakar fa? Ramukan fa?"

"Bar su."

Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi barin wasa a tsakiya ba. Ya kama gwiwar hannuna muka gangara. Ina faɗa masa ga saiwa, ga dutse, ɗaga ƙafa. Sau biyu ya yi tuntuɓe, sau ɗaya ni na yi. Muna fita daga cikin itatuwa jirgin ya yi ƙaho, na ɗaga gyalena ina ihu kamar wadda aka yi wa ƙwace. Matuƙin ya san ni, ya tsaya yana dariya.

"Hajiya, yau da baƙo?"

"Mijina ne," na ce, da ƙarfin da ya sa mutane suka waiwayo.

Muka zauna a baya, ɓangaren hagu. Na riƙe jakata a cinya. Jirgin ya ja, iska ta bugo mu. Na fara nuna masa abubuwa da baki: ga tsuntsaye farare a kan kututture, ga wani mai kamun kifi ya yi barci. Yana gyaɗa kai, hannunsa damƙe da ƙarfen kujera. Ba ruwan yake fuskanta ba, fuskarsa tana sama, wajen tudu.

"Malama, ana ganin bencin daga nan?"

Na ɗaga kai. Ga shi can a sarari, ba reshe ɗaya da ya tare shi. Ga jakar a tsaye, har sandar da ya jingina ina gani. Duk wanda ya zauna a wurin, da an gane shi ko daga hularsa. Shekara ashirin da biyu ina wucewa ta nan, idona a kan kujerar da ke gefena.

"Ana gani?" ya sake tambaya.

"Ana gani," na ce. "Sosai ma."