Minsharin Baba Direba

Ranar da kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba Direba, faɗa matarsa ta fara yi masa. Ta gama goge teburin ke nan, ga shi ya zo ya malale mata shi. Sai da ta ɗago kai ta ga gefen bakinsa ya karkace, yana so ya yi magana harshen ya ƙi juyawa, sannan tsumman ya faɗi daga hannunta. Kafin ta lalubo mayafi ta buga wa maƙwabci ƙofa, abin ya sake shi. Baki ya koma daidai, hannu ya dawo, har mutumin ya miƙe yana neman makullin mota wai zai makara, yaran makaranta na jiransa.

"Wace mota?" in ji ta. "Wallahi Baban Auta, ko ka shiga motar maƙwabci mu tafi asibiti, ko in tara maka mutanen layin nan kaf."

Ya san za ta aikata, sai ya bi ta.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa, aka ɗebi jini, aka kwantar da shi har washegari. Likitan wani siririn mutum ne mai gilashi, ba ya ƙawata magana. Ya ce ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce ta zo ta wuce, kuma irin wannan gargaɗi ne, babbar na iya biyo baya. Abin da ya ɗaure wa likitan kai shi ne hawan jinin. Mutum ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga, maganinsa bai taɓa tsallakewa ba don matar ce ke miƙa masa da hannunta, amma jinin ya ƙi sauka. Ya hana shi tuƙi har sai ya sake ganinsa, ya ce idan zai dawo ya taho da wanda suke kwana ɗaki ɗaya.

Makarantar da yake tuƙa wa motar ɗaukar yara ta ce ya huta, za ta ari direba na ɗan lokaci, amma ba zai sake hawa motar ba sai likita ya ce ya hau. Magana ɗaya ke nan ta rage tsakaninsa da sitiyarinsa, kuma Maman Auta ta gane tun a ranar cewa daga bakinta maganar za ta fito.

Minsharin Baba Direba ba ɓoyayyen abu ba ne. Maƙwabtan da suka haɗa bango da su sun saba, har sukan ce idan ya yi tafiya ba sa iya barci. 'Ya'yansa tun suna ƙanana suke kiransa janareto a bayan idonsa. Shi kansa yakan bugi ƙirji ya ce ai barcin mai aikin ƙarfi ke nan, malalaci ne ke barci shiru kamar mage. Abin da ba wanda ya sani sai ita shi ne minsharin yana yankewa. Yana cikin gurnani sai ɗaki ya yi tsit, ƙirjin yana motsi amma iska ba ta shiga ba ta fita, har sai ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Farkon aurensu ta tsorata ƙwarai. Daga baya ta gano magani: da zarar ya yi shiru, sai ta kai masa diddige a ƙwauri. Yakan ja numfashi, ya juya, injin ya ci gaba. Sama da shekara talatin tana wannan aiki, har ƙafar ta koyi yi da kanta ita tana barci.

Ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta yaya mace za ta dubi mijinta da safe ta ce, jiya na yi ta harbinka? Shi kuwa bawan Allah, kullum yana shafa man zafi a ƙwaurinsa na hagu yana tsine wa wanda ya ƙera matakalar motar makaranta. Har makaniki ya taɓa kai wa ya goge masa bakin ƙarfen. Ita ce ma takan miƙo masa man, tana cewa sannu.

Tana ganin ta gama da matsalar, har sai makon da yake zaune a gida. Ɗinki take yi a falo, kekenta na bakin taga, sai ga wata da take yi wa ɗinki ta zo karɓar riguna, 'yarta kuma na cikin masu hawa motar. Matar ta yi ya mai jiki, sannan ta kwashe da dariya.

"Yara fa sun yi kewar Baba Direba. Wai sabon nan ba a wasa da shi. Shi kuwa Baba, in aka tsaya a danja sai ya yi gyangyaɗi, su kuma su haɗa baki su yi ihu, Baba an ba da hannu! Har rige-rige suke waye zai fara."

Maman Auta ta taya ta dariya, ta naɗe mata rigunan a leda, ta raka ta ƙofa. Da ta dawo ta zauna, sai ta kasa zura zare a allura. Ta san motar. Ta san yadda yaran ke cika ta, ƙanana a gaba, jakunkuna sun fi su girma.

Ranar komawa asibiti, tun daga ƙofar gida ya fara ba ta karatu. Ya sa rigarsa mai guga, ya taje gemu, yana tafiya da ƙarfi don kowa ya ga lafiyarsa ƙalau.

"Kin ji ko, Maman Auta? Su likitocin nan, ka ba su ɗan zare sai su saƙa maka bargo. In ya tambaye ki barci, ki ce lafiya lau. Minshari ai ba ciwo ba ne, mahaifina ma ya yi abinsa."

"Mahaifin naka ai faɗuwa ya yi a banɗaki bai ƙara magana ba."

"Wannan kwana ne ya ƙare." Ya tsaya ya dube ta sosai, muryarsa ta sauka. "A shekaruna wa zai ɗauke ni aiki in na rasa wannan? Ki rufa min asiri."

Ta tausaya masa, don tun da take da shi bai taɓa roƙonta wani abu da irin wannan murya ba. Ta ce to.

Ɗakin likitan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, da gadon gwaji mai shimfiɗar takarda. Likita ya auna jini, ya ɗan yamutsa fuska. Ya sa shi ya ɗaga hannuwa, ya yi murmushi, ya taka layi. Duk Baba Direba ya ci jarrabawa, har da ƙarin tsalle da ba a tambaye shi ba. Sannan likita ya juyo wajenta.

"Mama, yaya barcinsa?"

"Lafiya lau."

"Yana minshari?"

"Ɗan kaɗan, irin na kowa."

Allah Ya sa maƙwabta ba sa wurin.

"Kin taɓa jin numfashinsa ya tsaya yana barci, sannan ya dawo da ƙarfi?"

"A'a," in ji ta, tana kallon igiyar jakarta.

Likita ya gyaɗa kai. Bai matsa mata ba, ya dai cire gilashi yana gogewa da bakin rigarsa yana bayani kamar mai ba da labarin hanya. Ya ce dalilin tambayar shi ne akwai mutanen da maƙogwaronsu ke rufewa idan barci ya yi nauyi. Duk rufewa ɗaya, iskar da ke cikin jini ta ragu, jiki ya firgita, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Sai mutum ya ja numfashi ya koma barci bai san an yi ba. A dare ɗaya abin na iya maimaituwa ba adadi, shekara da shekaru, har jijiyoyin jinin da ke ƙwaƙwalwa su gaji. Irin waɗannan mutane magani ba ya riƙe musu hawan jini yadda ya kamata, da rana barci na sace su, kuma shanyewar jiki ta fi saurin samunsu.

"In wani yana kusa yana tashinsa fa?" Tambayar ta fito kafin ta kama bakinta. "Ina nufin, a misali."

"Zai ja numfashi a wannan karon," in ji likita. "Amma kafin a tashe shi ai jinin ya riga ya hau. Kuma mai tashin ma yana barci, wanda ya ji kaɗan ne cikin wanda aka yi."

Ashe duk shekarun nan ba magani take yi ba. Tana kwance kusa da shi abin yana cinsa, ita kuma tana ganin kanta gwana.

Likita ya mayar da gilashinsa. "To, tunda babu wannan, zan ƙara masa magani. In ya cika kwanakin hutun da na ɗibar masa, jinin kuma ya ɗan sauka, sai ya koma tuƙinsa."

Baba Direba ya washe baki, ya fara tattara hularsa yana zuba godiya. Ita kuwa ta bi shi da kallo. Tsoro take ji, kuma haushinsa take ji don ya sa ta a wannan hali, ga kuma tausayi bai bar ta ba.

"Likita," in ji ta, "ka ce ya naɗe wandonsa na hagu."

"Ke Maman Auta!"

"Ka naɗe, Baban Auta."

Likita ya dube shi, ya jira. Ba yadda ya iya, ya sunkuya ya naɗe. Ƙwaurin nan duk tabo, tsoho a kan tsoho, ga wani sabo ya yi baƙi-baƙi.

"Matakalar mota ce," in ji shi. "Na sha gaya wa makarantar."

"Rabonka da motar nan tun ranar da abin ya same ka, wannan kuma na shekaranjiya ne," in ji ta. "Ni ce. Ƙafata ce. Likita, ƙarya na yi maka ɗazu. Numfashinsa na tsayawa kullum, tun muna sabon aure, ni nake harbinsa ya dawo. Kuma yana gyangyaɗi a danja da yaran mutane a mota."

Baba Direba yana sunkuye da bakin wando a hannu, yana kallon ƙafarsa kamar ta wani. Likita bai nuna mamaki ba ko kaɗan, ya ce madalla da ta faɗa, za a yi masa gwajin barci, in ya tabbata akwai na'urar da ke hura iska ta takunkumi tana riƙe maƙogwaro a buɗe. Tuƙi kuwa babu shi sai an ga na'urar ta karɓe shi.

Suka kama hanyar gida. Ya wuce gaba, ta biyo baya, kamar waɗanda suka haɗu a tasha.

Gwajin ya tabbatar. Layin masu jiran na'ura ya yi tsawo, makaranta kuma ta ce ba za ta iya ta jira ba, ta riƙe sabon direban dindindin. Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aure a wani gari, ta bugo waya ta ce Mama ta yi daidai, uban ya miƙa wa uwar wayar ya fita tsakar gida. Abinci yana ci, magani yana karɓa daga hannunta, gaisuwa yana amsawa da ka. Ita ma da zuciyarta, ta ce a ranta ya yi ta fushin, mai rai ne ke fushi.

Da na'urar ta zo, cikin 'yan makonni jinin ya sauka yadda bai taɓa sauka ba. Ya daina tashi da ciwon kai, ya daina ɓingirewa a kujera ana cikin hira. Lafiya ta samu, amma aikin ya tafi, kuma a unguwar kowa ya ji dalili, don irin wannan labari ba ya zama wuri ɗaya.

Wata safiya tana kan keke tana ɗinka wa rigar makaranta aljihu, sai motar ta shigo layinsu ɗaukar yaron maƙwabta. Ya zo ya tsaya a bayan labule. Sabon direban ya saki kuloci da garaje, motar ta yi tsalle, sai ya ja tsaki.

"Zai kashe mata giya," in ji shi.

Wannan ce doguwar maganar da ya yi a gabanta tun ranar asibiti. Ta tsayar da keken, ta ce bari ta yi amfani da damar.

"Baban Auta, in aikin ne, wallahi ko yau aka sake tambayata haka zan faɗa. Gara ka zauna min a gida da ƙafafunka."

"Wa ya ce miki aikin ne?" Bai juyo ba. "Da na kashe ɗan wani a hanya, da me zan ce wa Allah? Wannan kin yi daidai."

"To mene ne?"

Sai da motar ta sha kwana sannan ya saki labulen ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"Gado ɗaya muke kwana tun ina da baƙin gashi. Kullum ina mutuwa ina dawowa a gefenki, ke kaɗai kika sani a duniya. Ranar da za ki faɗa kuma, yaron da bai kai ɗanmu na fari ba kika faɗa wa, ni ina zaune kamar baƙo. Me ya hana ki gaya min ni?"

Ta buɗe baki za ta ce kunya, za ta ce girmamawa, sai ta ji duk ba su kai amsa ba. Ya ɗan jira. Sannan ya ɗauki takunkumin na'urarsa daga kan kujera ya nufi famfo zai wanke, ita kuma ta zauna da rigar ɗan mutane a cinya, aljihun rabi a ɗinke.