Jan Turke da Akuyar Mai Unguwa

"Ba zan cire ba."

Injiniya Katembo, shugabana a ofishin sa ido kan dutse mai aman wuta, ya dube ni kamar na zage shi. Muna tsaye a bakin wani kwari kusa da tafkin Kivu, inda na kafa jan turke da safe, alamar kada kowa ya zauna. A bayanmu mutanen unguwarmu ne, da katifu da tukwane ɗaure a kan chukudu, kekunan katako na dako, suna jira a ce su sauka su kafa tamfol. Tun da ƙasa ta fara rawa bangayen gidajensu suka tsattsage, ba mai yarda ya sake kwana a ɗaki. Mahaifiyata tana cikinsu, zaune a kan jarka.

"Nzigire, ba shawara nake ba ki ba," in ji shi. "Sake aunawa ki gani."

Na durƙusa, na kai na'urar auna iska har gindin ciyawa. Shiru. Da safe kuwa, a daidai wurin nan, sai da ta yi ta ƙara har na toshe kunne.

Kowa a garin Goma ya san mazuku, muguwar iskar da ke fitowa ta tsagar ƙasa ta kwanta a kwari. Ba launi, ba wari. Babba a tsaye ba ya jin komai, yaro da mai barci take ɗauka. Abin da ban sani ba shi ne dalilin shirun na'urar. Ko iskar tafki ce ta kore ta da rana. Ko girgizar ce ta rufe tsagar da ta buɗe. Ko kuma na'urar ce ta tsufa, ta yi mini ƙarya da safe. A jami'a na iya amsa kowace tambaya, ga ni durƙushe a ciyawa ban san komai ba.

Sai Papa Bahizire, mai unguwarmu, ya gangara har tsakiyar kwarin. Ya ja numfashi, ya bugi ƙirji.

"Ga ni! Na mutu? Jama'a, in na mutu ku gaya mini, kada in je gida matata Mama Furaha ta ɓata abinci."

Aka kwashe da dariya.

"Papa, a tsaye kake," na ce. "Ka kwanta mu gani."

"Ji 'yar nan! Ni zan kwanta a gabanki? Ranar da aka haife ki ni na nemo motar asibiti."

"Madam Digiri kenan," in ji wata mai sayar da soyayyen sambaza, ƙananan kifin tafki. "Akwai guba ko babu? Faɗi ɗaya!"

"Ban sani ba tukuna."

"To me kika je yi makaranta? Cin wake?"

Na ce mata aƙalla ni na je. Bai kamata in faɗa ba, amma ban janye ba.

Papa Bahizire ya ce a yi yadda iyaye suke yi in za a haƙa masai, su fara zura kaza a ramin. Shi ya fi ƙarfin kaza, akuyarsa zai bayar. Aka kawo ta, baƙa mai farin goshi, aka ɗaure ta da gajeriyar igiya a inda kwarin ya fi zurfi. In gari ya waye tana numfashi, in cire turkena. In ta mutu, a bar mini kwarina in aura. Mutane suka baje kayansu a gefen titi, suna hararata.

Da gari ya waye muka taru. Babu akuya. Igiya kawai, guntuwa.

"Yanka aka yi, ɓarayi ne!"

"Wane yanka? Cinye igiyar ta yi ta gudu, ta ji guba."

"Mutuwa ta yi, masu chukudu suka kai ta kasuwa."

"Ko dai Madam Digiri ce ta ɗauke, don kada ta ji kunya?"

Papa Bahizire ya manta da mazuku gaba ɗaya, yana ta tambayar wa zai mayar masa da akuyarsa mai ciki. Ana cikin haka ƙasa ta sake motsawa, tukwane suka yi ƙara, mata suka rungumi yara. Da ta lafa na durƙusa na auna. Na'urar ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru, allon ya ɗauke. Na buga ta a tafin hannu. Ba ta dawo ba.

Injiniya Katembo ya ja ni gefe. Idanunsa sun yi ja don rashin barci.

"Ki saurare ni, 'yata. Injunan ofis sun nuna girgizar tana tafiya ƙarƙashin gari, yau nan, gobe can. Ni ma ban san abin da take nufi ba. Amma na sama amsa suke so. Ki ce kin tabbata akwai guba, wallahi in tsaya miki."

"Ban tabbata ba."

"To ki cire."

"Don ban tabbata ba ne ba zan cire ba. Ga turke, Injiniya, ga hannunka."

Ya dubi turken, ya dubi yaran da ke wasa a bakin titi. Ya zura hannuwansa a aljihu. Na juya ga Papa Bahizire na ce, "Papa, ko kai za ka cire?" Ya ce shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma akuyarsa yake nema. Guntun katako ne, ko yaro zai iya tumɓuke shi. Kowa so yake ni in sa hannu.

Mahaifiyata ta taso a hankali, tana dafa gwiwarta mai ciwo.

"Nzigire, nan ga ruwa kusa, ga ƙasa mai laushi. In an hana mu, tudun ƙonannen dutse za a kai mu. Kin san ƙafata."

"Na sani, Mama. Amma a ƙasa za ki shimfiɗa katifa, inda gubar ke kwanciya."

"Kin ga gubar da idonki?"

"A'a."

Ta ɗauki jarkarta ta koma.

Tudun aka kai su, bayan gari, inda dutse ke yanka takalmi, ba inuwa, ba famfo. Ni kuma aka karɓi na'urar da katin aikina, aka ce na jawo wa ofis surutu. Na bi su tudun don ba ni da wani wurin. Kullum nakan sauko tafki da jarka a baya, in wuce ta gaban kwarin. Turken yana nan, jan ya koɗe. Ciyawa ta yi kore shar. Wani lokaci nakan ga tsuntsu ya sauka ya tashi lafiya, wani lokaci in ga mataccen ƙadangare, in tsaya ina kallo kamar zai ba ni amsa. Ba wanda ya kwana a can, don haka ba wanda zai taɓa sanin ko na ceci rai ko na wahalar da unguwa a banza. Da za a sake tambayata yau, abin da na faɗa zan maimaita.

Na rasa aikina. Maƙwabta ba sa amsa gaisuwata. Gwiwar Mama ta kumbura a kan dutsen nan har ba ta iya zuwa coci, kuma ruwan da nake ɗebo mata takan karɓa ta sha ba tare da ta dubi fuskata ba.