Abin da Baba Ya Gani a Kabo

Shekara shida Murja tana yi wa mahaifinta alkawarin za ta nuna masa tauraron Zuhal. Malama ce a sashen fiziks na wata jami'a a Kano, kuma ita ke jagorantar shirin kallon taurari, inda suke ɗaukar na'urar hangen nesa su zaga makarantu. Mahaifin nata, Malam Jibirin, manomi ne a Kutama. Shi ya fara nuna mata Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta tun tana 'yar firamare. In ta kira shi a waya, ba ya ajiyewa sai ya tambaya, "Wai da gaske tauraron nan zobe gare shi?" Sai ta kwatanta masa, ta ce tana nan tafe. Yau babu mota, gobe hadari, jibi yajin aiki.

Bana, bayan ɗaukewar damina, shirin ya faɗo kan wata sakandare a Kabo. Yayanta Sanusi ya goyo tsohon a babur tun la'asar.

Ana idar da magariba suka kafa na'urar a filin ƙwallo. Sama ta wanke tas. Murja ta saita, ta leƙa, ga Zuhal nan tsaf da zobensa. Ta dakatar da layin ɗalibai ta ce, "Baba, bismillah, kai ne farko."

Bai taho nan take ba. Shugaban makarantar ya tare shi, aka shiga gaisuwa, daga iyali har amfanin gona. Da ya ƙaraso, sai da ya lalubi bakin na'urar da hannu, ya tura hularsa baya, sannan ya sunkuya. Ya daɗe a haka.

"Ikon Allah!" in ji shi. "Ga shi nan, Murjanatu. Ɗan rawaya-rawaya, zoben a karkace, kamar an ɗora ƙwai a faifai."

Ɗalibai suka ɗauki tafi. Daɗi ya cika Murja har ta ji ƙwalla. Ta matsa ta sa ido don ta gyara wa mai biye, sai ta ga baƙi ƙirin. Babu komai a ciki. Na'urar tasu ba ta bin tauraro da kanta, minti biyu ya ishe shi ya fice, gaisuwar kuwa ta fi minti biyar. Kuma ƙwai a faifai maganarta ce, ita ta faɗa masa a waya.

Ta sake saitawa. "Baba, ƙara dubawa, yanzu ya fi fitowa."

"A'a, na gani. Bar yara su samu."

Ta miƙa wa wani abokin aikinta layin, ta ja Sanusi bayan mota.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun bara ya tsananta. Idon hagun ya tafi gaba ɗaya, na daman ma sai da rana. Shi ya hana a gaya miki, wai aiki ya yi miki yawa."

"Sau huɗu na zo gida bara!"

"Ai ba ki taɓa kwana ba."

Ta juya ta dubi filin. Daga can tana jiyo ihun 'yan mata, kowacce ta leƙa sai ta kira ƙawarta. Tsohon na zaune a benci, ya ɗaga fuska sama yana murmushi.

Ranar Litinin ta kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya haska, ya auna, sannan ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta lalace. Ya ba da magani na ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya saura. Da an zo shekara biyu baya, in ji shi, da an ceci da yawa.

Suka kama hanyar komawa. Sun yi nisa kafin Malam Jibirin ya gyara zama.

"Kar ki gaya wa Innarku abin da likita ya ce. Ki ce an ba ni magani."

"To, Baba."

"Mun shigo Gwarzo?"

"Da saura."

Ya jingina kai da gilashi, ya ƙanƙame ledar maganin a cinyarsa. Murja ta rage gudu, don ita ma hanyar ta fara yi mata dishi-dishi saboda ƙwalla.