Jan Fenti a Jikin Gawo

A ƙarshen Yuli suka zo, gero ya kai ƙirji. Fararen motoci biyu suka tsaya a filin firamaren garinmu, wadda na koyar a cikinta shekara talatin da ɗaya kafin gwiwa ta ce ya isa haka. Ƙaramin gari ne a kan hanyar Tsanyawa, gona na jingine da gona, babu tazarar da akuya za ta kwanta ba ta shiga haƙƙin wani ba. Aka kafa rumfa, aka ɗaura ƙyalle mai rubutu: Ci Gaba Mai Ɗorewa, Zaman Lafiya da Muhalli. Sai ranar na san ashe rigima muke yi da muhalli.

Wata ƙungiya ce daga birni, sunanta dogo, ban riƙe ba. Jagoransu wani matashi ne, Najib, mai ladabi da farin takalmi a tsakiyar damina. Tare da shi akwai wata yarinya, Tahira, ita ce mai riƙe da takardu. Najib ya karɓi lasifika ya shiga wayar mana da kai. Ya ce mu riƙa zuba takin dabbobi a gona. Ya faɗa wa mutanen da kowane rani sai bayan jakunansu ya saɓule da jigilar taki a mangala. Ya ce bincike ya gano in an shuka wake a tsakanin gero ƙasa tana farfaɗowa. Daga inda yake tsaye, da ya juya hagu, da ya ga waken a tsakanin geron. Bai juya ba. Maza suka yi ta gyaɗa kai kamar yau aka saukar da maganar.

Ba wauta ce ta sa su gyaɗa kan ba. A nan ba a gyara wa baƙo magana a gaban jama'a, balle baƙon da aka ga tukwanen shinkafa a bayan motarsa. Ana kiran wannan kara, ana kiransa tarbiyya. Tun ina yarinya nake jin ana yabonsa, ban kuwa taɓa ganin gonar da ya gyara ba.

Bayan jawabi aka kafa kwamiti, aka naɗa ɗana Abdulmumini ciyaman, aka kifa masa koriyar hula. Da Najib ya ce suna neman gonar gwaji a bakin titi, wadda masu wucewa za su gani su yi koyi, kafin ya rufe baki Abdulmumini ya ɗaga hannu. Gonar da ya bayar tawa ce. Gadon mahaifina ce, na bar masa yana nomawa tun rasuwar babansa. Don haka da aka ɗunguma zuwa ganinta, sai na ja sandata na bi bayan maza.

Gawo uku ne a gonar. Wanda ya tashi a ƙauye ya san halin gawo: da rani yake ganye, da ruwa ya sauka sai ya kaɗe tas, ya tsaya tsirara har kaka. Najib a birni ya tashi. Ya ga duniya kore shar, ga itatuwa uku sun miƙa fararen rassa ba ganye ko ɗaya. Ya tsaya cak, ya dafe ƙirji.

"Jama'a, kun ga abin da muke faɗa," in ji shi. "Ana tsakiyar damina, bishiya ta mutu a tsaye. Wannan shi ne sauyin yanayi. Ko ba haka ba?"

Sai Malam Mati, abokin marigayi maigidana, ɗan shekara saba'in wanda a gindin gawo aka yaye shi, ya gyara murya.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Sun bushe."

Aka ɗauki hoto. Aka kawo gwangwanin jan fenti, Najib da hannunsa ya shafa wa kowanne alama. Ya ce ranar Alhamis za a zo da inji a sare matattun, a dasa bishiyoyin turare ɗari biyu a layi, a kafa allo a bakin titi. Aka tafa. Ni ma ina tsaye, ban ce uffan ba. Ciwon garin ne, ni ma ina da shi.

Da la'asar Abdulmumini ya shigo gaishe ni, hular tana kansa.

"Gawon nan da gaske ya mutu?" na tambaye shi.

"Haba Inna. Kowa ya san da ransa."

"Ban da mai fentin."

"To ya riga ya faɗa a gaban mai gari. So kike in tashi in ce masa ƙarya yake yi?"

"Ba ƙarya ya yi ba, bai sani ba ne. Mai ƙaryar shi ne wanda ya sani."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. "An ce gonar da aka zaɓa ita za a fara haƙa wa rijiyar burtsatse."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"Turare ɗari biyu a cikin gero. Ka taɓa ganin abin da ya tsiro a gindin turare?"

"Inna, mutanen nan sun yi karatu."

"Ni kuma tallar gyaɗa na yi a makarantar can shekara talatin da ɗaya."

Ya ce zai duba. Na san wannan duban, irin na babansa ne. Ba a taɓa gama shi ba.

Ranar Laraba da hantsi aka ce mini suna gona suna awo. Na ɗauki wuƙar da nake yanka kuɓewa na tafi. Na tarar da Najib da Tahira, da Abdulmumini da 'yan kwamiti su biyar, har da Malam Mati, riƙe da igiya, suna kafa turaku a tsakanin kunyoyi, an riga an tattake gero layi biyu.

"Sannu da zuwa, Mama," in ji Najib, har da rusunawa. "Ke ce mahaifiyar ciyaman? Allah ya saka da alheri, kin ba da gudummawa ga jikokinki."

"Amin. Malam Najib, zo ka riƙe mini reshen nan, hannuna ba ya kaiwa. Yi hankali da ƙaya."

Ya janyo reshen. Na kankare bayansa da wuƙa. Cikinsa kore ne, da danshi, har ya ɓata masa yatsa.

"Matacce yana haka?"

Ya duba yatsansa. "Wani lokaci bishiya takan ɗauki lokaci kafin ta gama mutuwa, Mama."

"Wannan tun kafin a haifi ubana take gama mutuwa, duk damina. Da kaka kuma sai ta fasa. Yanzu dubi geron da kake tsaye a ciki. Ina ya kai maka?"

"Kafaɗa."

"Taka goma ka fita daga ƙarƙashin rassan."

Ya taka. Can geron da ƙyar ya wuce ƙugunsa, ganyen ma ya fi haske.

"Ganyen da ya zubar da farkon ruwa shi geron nan yake ci," na ce. "Ba ya tare masa rana, don ba shi da inuwa yanzu. Da rani kuwa yana da ita, dabbobi su wuni a gindinsa su bar mana abin da ka ce mu riƙa zubawa. Ba mu dasa shi ba. Mun dai bar shi ne in ya tsiro, mu kauce masa da garma."

Tahira ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, ina jin shi ne wanda aka nuna mana a horon bara. Wanda aka ce a ƙarfafa wa manoma gwiwa su riƙa bari."

Najib ya daɗe yana kallon bishiyar. Ba mugu ba ne, na ga kunya ta hau fuskarsa. Ya juya ga 'yan kwamiti.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ka tambaya?" na ce.

"Na tambaya. Na ce ko ba haka ba."

"Wannan ba tambaya ba ce, ɗana. Neman amin ne."

Na ɗauka magana ta ƙare. Tsufa bai hana ni wauta ba. Najib ya ja ni gefe, ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton gawona da jan fenti, da rubutu a ƙasa.

"Mama, hoton nan ya riga ya tafi ofis tun shekaranjiya. An sa shi a rahoto: matattun bishiyoyi uku, za a maye gurbinsu. Manyanmu za su zo wata mai zuwa su ga kututture, su ga dashe. In na ce yanzu da ransu, cewa za a yi ban san aikina ba."

"Ai ba ka sani ba."

"Na sani yanzu. Amma uku ne kawai, Mama, ɗari biyu za mu ba ki."

Daga nan na daina yi masa magana, don na gane ba da shi nake ba. Na juya ga ɗana, a gaban igiya da turaku da mutum biyar.

"Abdulmumini, gonar nan ta Malam Ja'afaru ce, ubana, kuma ina raye. Ba a sare ko reshe. A cire turakun nan."

"Inna, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka bayar. In kana ganin hular ta fi, ka cire geronka da kaka, in ba ƙanwarka ta noma."

Ya saki igiyar, ya tsaya hannu a sake. Shekararsa arba'in da huɗu, yana da 'ya'ya shida, na tsayar da shi kamar ɗan aji uku. Ban ji daɗin hakan ba, kuma ban janye ba.

Sai Malam Mati ya matso.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Najib, "kada ranka ya ɓaci. Sha'anin mata ne. Ni ma gonata a bakin titi take, ina da busassu guda biyu, manya ma sun fi waɗannan."

"Malam Mati," na ce, "busassu?"

"Malama, ke kin kare naki. Bar ni da nawa."

Na dubi Najib. Yatsansa har yanzu da koren a jiki. Ya ce biyu ma za su yi, in an ɗauki hoton kututturen ta ɓangarori daban-daban. Ya ce Tahira ta gyara sunan mai gona a fom. Ta ce bironta ya ƙi rubutu. Ya karɓi fom ɗin ya rubuta da nasa.

Ranar Alhamis tun daga tsakar gida nake jin kukan injin. Ban yi niyyar zuwa ba, amma na je. Na isa daidai lokacin da na biyun ya faɗi, ya kwantar da gero wajen faɗin masallacin unguwa. Ruwa yana tsatsowa daga kututturen, kowa yana gani. Malam Mati yana tsaye a kai, koriyar hula ta koma kansa, ana ɗaukarsa hoto yana riƙe da ɗan dashen turare a baƙar leda. Najib ya yi gajeren jawabi a kan gadon da za mu bar wa na baya. Bai dubi inda nake ba. Aka raba lemo, aka tafi aka bar robobin a kunya.

Juma'ar da ta biyo, liman ya yi huɗuba a kan girmama baƙo. Bai ambaci suna ba, amma matan da ke kusa da ni sun matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata. Abdulmumini kuwa ya daina shigowa. Daga zaure yake sallama, ya ce a gaya wa Inna yana gaisuwa, ya wuce.

Itacen Malam Mati ya yi yawa, sai kwamiti ya yanke a raba wa kowane gida, a matsayin amfanin farko na shirin. Ni kaɗai aka tsallake. Kwana biyu bayan rabon, garin ya turnuƙe. Ɗanyen gawo ne, ba ya ci. Mata suna ta fifita da faifai, suna hura wa har su ga jiri, hayaƙi fari yana fita ta kowace katanga. Tuwon da ake saukewa kafin magariba ya koma sai an idar da sallah ana jira. Aka yi ta tari a layin masallaci. Ba wanda ya ce ga dalili, tunda gari guda ya shaida cewa busasshe ne.

A rana ta huɗu, da yamma, na ji sallamar Abdulmumini, wannan karon har tsakar gida. Idanunsa jajur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya tambayi awaki. Sannan ya juya yana kallon murhuna, inda karan dawar bara yake ci ba hayaniya.

"Ramlat ce ta ce in tambaya ko kina da ragowar kara," in ji shi. Ramlat matarsa ce. "Yara ba su ci da wuri ba jiya."

"Itacen naku fa?"

"Ruwa ne ya dake shi."

Rabonmu da ruwa kwana shida. Na buɗe baki, na rufe. Na riga na yi masa sau ɗaya a gaban mutane.

"Yana bayan rumbu," na ce. "Ɗauki dami biyu. In ka je gona gobe ka tayar da geron da suka tattake, wataƙila ya miƙe."

Ya ce to. Ya ɗora karan a ka, ya sunkuya ya fita ta ƙofar zaure.