Inna Tana Son Hoton Yau

Laifin da zan ba da labarinsa ba sata ba ne, ba kuma ƙarya ba. Girman kai ne, irin na mutumin da jama'a suka ɗaga suka ɗora a kujera, ya waiwayo ya ce surutunsu ya dame shi. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wani da an ce masa gyara, sai ya ji kamar an zage shi.

A wani layi mai gangara akwai wata mata mai ɗinki, kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ce babba a ɗakinsu. Autansu kuwa, wanda ta sha goyawa tana taka keken ɗinki, shi jama'a suka zaɓa ɗan majalisa. Tun da ya hau ya koma unguwar manya. Lambarsa ta canja, sabuwar kuma wani ma'aikacinsa ke ɗauka, maganarsa kullum guda ce: "Honarabul yana taro." Direba kan sauke buhu da kwalaye a bakin ƙofa, ya ce ana gaisuwa, ya juya.

Mahaifiyarsu, Inna, tana wajen Yaya. Idanunta sun fara tafiya. Likita ya ja Yaya gefe ya gaya mata cewa wannan ciwo ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Abin da ya rage wa tsohuwa na jin daɗi bai fi guda ba. Kullum da la'asar, in Yaya ta rufe keke, sai ta ja kujera bakin taga inda haske ya fi, ta buɗe shafin ɗan majalisa a wayarta, ta buɗa hoton da yatsu biyu har fuskarsa ta cika gilashin. Inna ta karɓa ta kawo dab da hancinta.

"Yaron nan ya rame."

"Inna, wannan tumbin ne rama?"

"Ke rufe mini baki, hassada ce. Wa ya ɗinka masa rigar nan? Wuyan ya yi masa faɗi."

"Telan manya ne, ba irina ba."

"To bai iya ba."

Haka suke yi, su yi dariya, tsohuwa ta sa masa albarka ta miƙo waya.

Damina ta faɗi. Kwatar layin, wadda ɗan majalisa ya tsaya a bakinta da ƙafarsa lokacin neman ƙuri'a ya rantse zai gyara, ta cika ta tumbatsa. Ruwa ya shiga gidaje, ya shiga ɗakin Inna, ya jiƙa katifa da yadudduka na mutane. Yaya ta wuni tana kwalfa da bokiti. Da ta zauna ta buɗe shafin, sai ga shi yana yanka kirtani a gaban wani sabon shataletale mai feshin ruwa. Hannunta bai ma bushe ba ta rubuta a ƙarƙashin hoton:

"Auta, ruwan can na ado ne, na nan ya shiga ɗakin Inna. Ina kwatar da ka yi mana alkawari?"

Ita dai ƙaninta ta kira da sunan da ta saba. Ta manta shafi ba tsakar gida ba ne. Kafin gari ya waye maganar ta zaga, masu dariya suna ta rubuta "Honarabul Auta", 'yan layin kuma kowa ya sa baki: wannan ya ɗora hoton ɗakinsa, wancan ya tuna masa da alkawari.

Washegari da la'asar shafin ya ƙi buɗuwa. Ta kashe waya ta kunna, ta sa sabon kati, shiru. Ta kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Ya duba, ya sosa ƙeya.

"Yaya, wayarki garau take. Toshe ki aka yi."

"Wace irin toshewa?"

"Mai shafin ne ya rufe miki. Ba ki ganinsa, ba ya ganinki. Kar ki damu, ni ma ina ciki, tun maganar fitilun titi."

Ta dawo gida. Inna tana bakin taga ta riga ta share idanu. Yaya ta ce sabis ne babu. Gobe ta ce waya ce ke wasa. Jibi ta lalubo wani tsohon hoto da ta taɓa ajiyewa ta miƙa. Tsohuwa ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wannan hular na gan ta. Na yau nake so."

Sai Yaya ta yafa mayafi ta shiga layi aron waya. Matar mahauci ta ce ita ma an toshe ta. Mai wanki da guga ya ce shi ko rubutu bai yi ba, alamar yabo kawai ya danna a ƙarƙashin maganarta, aka haɗa da shi. Malamin makaranta na gidan ƙarshe ya ajiye alkalami, ransa a ɓace.

"Yaya, da shafin ɗakin kwanansa ne, wa zai ce masa don me? Amma nan yake sanar da ranar allurar yara, nan yake faɗin ranar da tankar ruwa za ta zo. Dandalin jama'a ne, ya sa masa kwaɗo ya jefa makulli a aljihu. Mu muka zaɓe shi, mu ne kuma ba mu da bakin magana."

Ta bi layin gida-gida har gangare. Ba ta samu waya ko guda da za ta nuna wa uwa fuskar ɗanta ba.

Ta je ofishinsa. Mai gadi ya tsayar da ita a rana. Da ƙyar ma'aikacin nan ya leƙo. Ta ce a gaya wa Honarabul idanun mahaifiyarsa suna ƙarewa, ya zo ko ya buɗe mata. Ya ce zai isar. Ya isar ko bai isar ba, Allah masani. Wanda ya saba wa na kusa da shi kada su kawo masa abin da ba ya so ya ji, ai ya koya musu shiru.

Mai gyaran waya ne ya kawo dabara: a buɗe sabon shafi da sunan ƙarya, a riƙa leƙawa ba a cewa uffan. Yaya ta amince. Ta shigo da murnarta, waya a hannu. Amma wanda ido ya gaza wa, kunne ke yi masa aiki. Tsohuwa ta riga ta ji komai ta taga.

"Da sunan wa kika buɗe?"

Yaya ta miƙa mata wayar kawai.

"Rufe mana ya yi, ko ba haka ba?"

"Ni ya rufe wa, Inna, ba ke ba. Bai san da wayata kike ganinsa ba. Laifina ne, bakina ne ya ja. Zan aika masa na janye."

"Ƙarya kika rubuta?"

"A'a."

"Ruwa bai shiga ɗakina ba?"

"Ya shiga."

"To ba ki janye komai." Ta ture wayar da bayan hannu, a hankali. "Ni na haife shi. Ba zan leƙa ɗana ta kan katanga da sunan wata ba, kamar ɓarauniya. Ran da ya buɗe, na gani."

Yaya ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kawo maƙwabta su sa baki. Tsohuwa ba ta tanƙwaru ba. Amma ba ta daina zama bakin taga da la'asar ba. Yaya tana kan keke sai ta ji Inna ta ce, "Yau hadari ne?" alhali rana tana tsakar ɗaki. Sai Yaya ta ce, "Hadari ne, Inna," ta ƙara taka keken da ƙarfi don kada a ji muryarta.

Da zaɓe ya sake matsowa, motoci suka cika layin, suna kauce wa kwata. Ɗan majalisa ya shigo da direba da mai ɗaukar hoto, don a gan shi durƙushe gaban mahaifiya. Ya yi sallama. Inna ta ɗago da fara'a, ta miƙa hannu, ta kamo rigar direba.

"Ka zo? Matso in ji ka."

"Inna, ga ni nan," in ji shi, daga ɗaya gefen.

Ta juyo tana lalube. Ya dubi idanun, ya dubi 'yar'uwarsa.

"Yaya, tun yaushe? Me ya hana a gaya mini?"

"Ta ina?" in ji Yaya.

Mai hoto ya sauke na'urarsa. Tsohuwa ta shafa fuskar ɗanta tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Gaya mini gaskiya, ke. Ya rame?" Yaya ta fice tsakar gida.

A mota ɗan majalisa ya zaro waya ya buɗe wa kowa, har mai wanki da guga. Ihu bayan hari.

Kujerar dai ya sake cin ta, ba zan ɓoye muku ba, don ba kullum duniya ke hukunci a akwatin zaɓe ba. Amma ga abin da ya rasa. Ya rasa layin da aka haife shi, inda yanzu in ya wuce ake ci gaba da hira ba a ɗaga kai. Ya rasa 'yar'uwa da za ta gaya masa gaskiya ba don tana neman komai ba. Ya kuma rasa sauran hasken idon mahaifiyarsa, wanda ta tanada dominsa, ya ƙare tana jira a bakin taga.